Me ya sa masu tseren mota ke ƙona taya kafin su tashi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke zaune a wajen Gujungu. Ya ce yana ganin bidiyon tseren motoci na Amurka a waya, inda direba zai tsaya wuri ɗaya yana juya tayoyin baya har hayaƙi ya turnuƙe kafin a fara tseren. Yana son ya san ko burga ce kawai, da yadda suke yi motar ba ta ƙwace musu ba. Ya ƙara da cewa yana da Golf 3, kuma abokai sun matsa masa lamba ya gwada a bikin wansa.

Ƙanena, akwai burga a ciki, ba zan ce maka babu ba, tunda 'yan kallo kuɗi suka biya kuma suna son hayaƙi. Amma direban da ya san aikinsa ba don su yake yi ba. Tayarsa yake shiryawa, kuma shirin yana da ma'auni. Idan ya gaza ya yi asara, idan ya wuce kima ma ya yi asara.

Sai ka fara sanin irin tseren. Yawanci motoci biyu ne, kowace a layinta, a kan miƙaƙƙen titi mara kwana. Tsawon da aka saba shi ne kwatan mil, wato mita 402. Hukumar da ta fi shahara wajen shirya shi a Amurka ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don a janye samari daga tsere a kan titunan gari zuwa filin da aka killace. Manyan motocin da ake kira Top Fuel da Funny Car an rage musu tsawon zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305, tun 2008 bayan haɗarin da ya kashe direban Funny Car Scott Kalitta. Motar Top Fuel tana da ƙarfin doki kusan 11,000, tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa 4, tana fita da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. A irin wannan tsere babu lokacin gyara kuskure. Idan tayarka ta yi santsi a wajen tashi, kafin ka farga abokin karawarka ya kai. Shi ya sa ma'aunin da masu tsere suka fi dubawa a takardar sakamako shi ne lokacin da mota ta ɗauka ta ci ƙafa 60 na farko, kusan mita 18. Duk wannan hayaƙi da kake gani saboda waɗannan mita 18 ɗin ake yin sa.

Tayar da suke sakawa ba irin tamu ba ce. Ba ta da zane ko ɗaya, sumul take, wanda bai sani ba zai ɗauka sudaddiya ce. Robarta mai laushi ce ƙwarai, gefenta kuma siriri ne da gangan don ya yamutse idan ƙarfin inji ya daki taya, ta baje a ƙasa ta kama. Mai faci yana ba motarka iska talatin da wani abu a ma'auninsa, amma tayar Top Fuel ba ta kai ko goma ba. To irin wannan roba, tun daga inda aka ajiye motar har a turo ta bakin layi, tana kwasar duk abin da ta taka: tsakuwa, ƙura, ɓarɓashin tsohuwar roba. Aikin farko na ƙona tayar shi ne ya kankare wannan datti da busasshen saman robar, sabuwa ta fito. Sannan zafi yana tausasa ta, mayukan da aka haɗa robar da su su taso sama, ta yi danƙo. Ɗan kokawa yakan duƙa ya murza ƙasa a tafin hannunsa kafin a kama, don kada hannu ya sulluɓe daga jikin abokin karawa. Wannan ma haka yake.

Akwai amfani na uku da ya fi shafar manyan motoci. Su ana ba su dama su ƙona tayar har su tsallake layin tashi, suna shimfiɗa sabuwar roba mai zafi layi biyu a kan titin. Daga nan direba ya sa ribas ya komo, wani daga cikin yaransa yana tsaye a gaba yana nuna masa da hannu, dama kaɗan, hagu kaɗan, har tayoyin baya su zauna daidai a kan sawun da suka bari. Direban ba ya ganin bayansa ko kaɗan, da wannan hannun ya dogara. Roba a kan roba ta fi kamawa fiye da roba a kan siminti. Idan ya kauce wa sawun da 'yan inci, taya ɗaya za ta fi ɗaya riƙo, motar ta karkace da shi tun daga tashi. Za ka kuma ga yaran sun ruga suna goge tayoyin da safar hannu, suna cire tsakuwar da ta manne. A motar Funny Car har ƙofar saman rufi direba ke ɗagawa yana ribas don hayaƙin da ya cika masa ciki ya fita.

Yanzu ga yadda ake yin sa. Kafin layin tashi akwai wani ɗan kwari da ake jiƙawa da ruwa. Ruwan ba don sanyaya komai ba ne, don ya sa taya ta fara juyawa cikin sauƙi ne ba tare da an dagargaza aksil da giyabos ba. A shekarun baya bilic ake zubawa, wasu ma har fetur suka riƙa zubawa suna kunna wuta don burge jama'a, daga baya aka hana, aka tsaya a kan ruwa. Direba mai hankali yana shiga ruwan a hankali, ya jiƙa tayoyin baya, sannan ya gusa gaba zuwa bakin ruwan inda ya fara bushewa. Ba ya ƙona taya a tsakiyar ruwa. Wanda ya yi haka zai watsa ruwa cikin ramin taya da ƙarƙashin mota, idan ya je kan layi ruwan ya riƙa ɗiga a kan tayar da ya gama wahalar gasawa. Ya ɓata wa kansa, ya kuma ɓata wa wanda zai biyo bayansa a wannan layin.

Abin da ke riƙe motar wuri ɗaya wata 'yar na'ura ce da ake sakawa a bututun birkin gaba. Direba zai taka birki da ƙarfi, ya danna maɓalli a kan sitiyari ko kan giya, sannan ya ɗage ƙafarsa. Na'urar ta kulle man birki a tayoyin gaba, na baya kuwa sun saki. Daga nan sai totur. Ba a take shi har ƙasa. Ana ba ta wuta da sauri har taya ta ɓalle, a canja zuwa babbar giya don tayar ta yi saurin juyawa ba tare da inji ya yi kururuwa ba, sannan a riƙe juyin injin a wuri ɗaya. Saurin juyawar taya ne ke kawo zafi, ba ihun inji ba. Wannan shi ne abin da sababbin shiga suka fi kasa ganewa. Za ka ji mutum ya bar mota a giya ɗaya, inji na neman tarwatsewa, tayar kuwa ko ɗumi ba ta yi sosai ba.

Wurin da ake gane gwani shi ne fita. Idan hayaƙi ya fara fitowa sosai daga tayoyin biyu, ya saki maɓallin, motar ta fara gangarawa gaba tayoyi na ci gaba da juyawa, sai ya riƙa janye ƙafa daga totur sannu a hankali. Zai ji injin ya fara nauyi, alamar taya ta fara cizon ƙasa. A daidai nan yake ɗagewa, ko ya taka kuloci idan manuwal ce. Wanda ya bari tayar ta kama ƙasa kwatsam yana kan wuta, duk ƙarfin nan zai koma ya daki giyabos da farfela da aksil. Giyabos na otomatik da yawa a nan suke mutuwa, ba a cikin tseren ba. Haka kuma idan bayan motar ya fara tsalle yana dukan ƙasa, babu jarumta a nan, ɗage ƙafa kawai ake yi, don wannan tsallen ne ke karya shaf.

Su motocin Top Fuel ba su da birkin gaba ma sam, kuma ba su da giya irin wadda ka sani, kuloci ne mai faifai da yawa ke kai ƙarfi kai tsaye zuwa baya. Saboda haka nasu a guje ake yi. Ana sa wani ɗan ƙarfe da ke tare totur don kada ya buɗe gaba ɗaya, bayan an gama ƙona tayar sai yaran su cire shi. Idan ka lura da bidiyon da kyau za ka ga tayar tana ƙara tsayi tana tsukewa yayin da take juyawa, har bayan motar ya ɗaga. A wannan lokaci motar tana iyo ne a kan roba mai narkewa, bayanta yana neman gefe. Direba ba ya kallon hancin mota, yana kafa idonsa can nesa a ƙarshen titi, yana gyara sitiyari kaɗan kaɗan. Mai fizgar sitiyari shi ke ƙarewa a jikin katanga. Amsar tambayarka ta yadda motar ba ta ƙwacewa ke nan: ido a nesa, hannu mai laushi, ƙafa a shirye take ta ɗage.

Sai maganar tsawon lokaci, wadda ita ce aka fi gardama a kai. John Force, wanda ya ci kambun Funny Car sau 16, ya yi suna da dogon ƙona taya mai cika fili da hayaƙi, kuma mutane na ƙaunarsa saboda haka. Amma yawancin masu haɗa inji ba sa son dogo. Man da irin wannan babbar mota ke sha, naitiromitan, tana zuƙarsa da yawan gaske, kuma an auna nauyin motar da zafin kulocinta a kan cewa za a ɗauki wani ƙayyadadden lokaci daga kunna inji zuwa tashi. Ƙarin daƙiƙa kaɗan yana rage man da ke tankin gaba, hancin motar ya yi sauƙi, lissafi ya canja. Ita kanta robar idan ta wuce zafin da take so sai ta yi maiƙo, ta koma santsi. Shi ya sa za ka ga wani yana nuna wata 'yar na'ura mai kama da bindiga ga titi da taya. Zafi yake aunawa. Abin da ake nema shi ne taya ta ɗan ɗara titin zafi kaɗan, ba ta dahu ba. Ranar sanyi a ƙara tsawo, ranar zafi a rage. Da a ce za a gina irin wannan fili a Ringim ko Gumel, a watan Afrilu da tsakar rana lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, ɗan juyi kaɗan ya ishi taya. Matsalarmu babba ma da ƙurar hunturu za ta kasance, don su can share titin ake yi, a fesa masa wani sinadari mai danƙo, a ja tsofaffin tayoyi a kai da tarakta, har idan ka taka takalminka na iya mannewa.

Ɗabi'ar da ta fi kowace daraja a wajen masu wannan sana'a ita ce maimaita abu ɗaya ba canji. Yadda ya shiga ruwa jiya haka zai shiga yau. Giya ɗaya, juyin inji ɗaya, ƙirga ɗaya a zuciyarsa, wurin tsayawa ɗaya. Wasu har jan bel da sauke gilashin hular kwano suna da tsarin da ba sa saɓawa. Wanda bai sani ba zai ce camfi ne, kuma gaskiya akwai masu camfin a cikinsu, amma akwai dalili. A ƙananan rukunoni akwai tseren da direba ke rubuta lokacin da yake sa ran motarsa za ta yi a jikin gilashi tun kafin a tashi. Idan ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta, ya faɗi. A nan ba mai ƙarfin inji ke ci ba, wanda motarsa ke yin abu ɗaya kullum ne. Idan yau ka gasa taya daƙiƙa uku, gobe takwas, riƙonta zai bambanta, ba za ka taɓa sanin me za ka rubuta ba. Kuma idan mota ta yi santsi, mai gyara yana son ya san laifin iskar taya ne ko na shokazoba ko na titi. Direban da ke canja salo kullum ya hana shi ganewa.

Akwai kuma ladabi. Ba ka fara ƙona taya sai jami'in wurin ya ba ka hannu. Doka ta hana kowa taɓa mota ko riƙe ta yayin da tayoyi ke juyawa. Kana lura da abokin karawarka don ku gama kusan tare. Bayan nan sai a matsa zuwa fitilun tashi, inda hasken farko ke nuna ka kusa layi, na biyu da ke gaba da shi da kimanin inci 7 ke nuna ka hau. Al'ada ita ce kowa ya kunna na farko kafin wani ya kunna na biyu. Wasu 'yan duniya sukan ja lokaci da gangan a nan don tayar abokin karawa ta huce, injinsa ya yi zafi, ransa ya ɓaci. Dabara ce da doka ta ɗan bari, amma ba ta jawo wa mutum farin jini. A manyan rukunoni tsakanin fitilar ruwan ɗorawa da kore kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa ne, don haka wanda hankalinsa ya rabu ya riga ya sha kaye.

To mu dawo kan Golf ɗinka. Abu na farko, ita tayoyin gaba ke ja, kamar Corolla da Honda da Peugeot 406, ba kamar Marsandi 190 ko tsohuwar 504 da ke turawa ta baya ba. Masu tsere da irin wannan mota hambirki suke ja su riƙe baya, gaba ya juya. Duk wahalar tana sauka ne a kan shaf biyun nan na gaba da faifan kuloci, waɗanda a motar da ta haura shekara ashirin tana bin hanyar Gujungu zuwa Haɗeja sun riga sun ga duniya. Abu na biyu, giyabos ɗinta yana tura ƙarfi ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa. Saboda haka taya ɗaya ce za ta yi ta gudu, ɗayar na tsaye. Ƙananan haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu ba a yi su don wannan ba, suna yin zafi, sandar da suke juyawa a kai ta ci, wani lokaci ta fasa kaskon giyabos ɗin gaba ɗaya. Motocin tsere ana canja musu wannan sashe don tayoyin biyu su juya tare. Ga kuma lagireto: mota na tsaye, iska ba ta shiga, inji na kan wuta.

Abu na uku shi ne wanda zai ba ka mamaki. Ko a filin tsere na gaske, wanda ya zo da tayar gida mai zane cewa ake yi ya kewaye ruwan, kada ya shiga. Zanen yana ɗibar ruwa ya kai shi kan layi. Kuma robar tayar gida mai tauri ce, an yi ta don ta yi shekaru, zafi ba ya sa ta danƙo, sai ma ya sa ta sulɓi. Abin da ake yi mata shi ne ɗan juyi ɗaya na daƙiƙa guda don ƙura ta kaɗe, shi ke nan. Wato ko da tsere za ka yi, hayaƙin ba zai ƙara maka komai ba.

Sannan ka dubi wurin. Can akwai katangar siminti tsakanin mota da jama'a, akwai motar kashe gobara da ta asibiti a tsaye, direba na sanye da rigar da ba ta cin wuta, kuma babu kowa a gaban motar ko bayanta sai ma'aikata. A ƙofar gidan biki kuwa yara ne ke kewaye da kai, su ne ma a sahun gaba. Kwaltar ƙauyukanmu yawanci mai tsakuwa ce a sama, gefenta yashi. Tayar da ke juyawa tana harba tsakuwar nan da ƙarfin da zai fasa ido. Mafi muni, taya na juyi a kan yashi sai ta tono ta taɓa busasshiyar kwalta, ta kama kwatsam. Motar za ta yi tsalle ne zuwa duk inda sitiyari ke kallo, kuma tunda tayoyin da ke ja su ne ke juya kai, ba ka da ikon gyarawa a wannan ɗan lokacin. Hambirkin tsohuwar Golf kuwa, kai ma ka san sau nawa kake sa mata dutse idan ka ajiye ta a gangare. Masu babur ma haka: birkin gaba na Boxer ba a yi shi don ya riƙe inji a kan wuta ba, yana saki babur zai bar ka a tsaye ya shiga cikin mutane. Ni dai ban yarda ka yi a bikin ba, kuma idan abokan sun dage, ka ce wanda ya fi matsawa ya kawo tasa motar da kuɗin giyabos.

Tunda maganar taya muke, ka duƙa ka duba gefen naka. Akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Yawancin tayoyin Beljiyam da ake kawo mana sun tsufa tun kafin su iso, robar ta bushe, gefe ya tsattsage. Irin wannan idan ta yi zafi ba laushi take yi ba, saman ne ke ɓarewa daga wayar ciki. Idan naka sun kwana biyu, kuɗin da za ka ƙona a hayaƙi ka kai wa mai taya kafin ranar ɗaukar amarya, don ranar mutum bakwai za a cusa maka a motar.